Hannun Kawu da gonar inabi a Bojole

Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, na bi ta Aboabo gaida Kawu. Ya zo Kumasi ganin likita, ya sauka gidan Mma kamar yadda ya saba. Na tarar da shi a zaure kan buzu, an kawo masa shayi. Yana ɗaga kofin sai na ji cokali na bugun gefensa, ƙas-ƙas-ƙas, shayin yana neman zuba a rigarsa. Ya sa hannun hagu ya danne na dama, ya dube ni ya yi murmushi.

"Tsufa ne, ɗana. Kada ka damu."

Na ce, "Allah Ya ƙara lafiya, Kawu." Amma gabana ya riga ya faɗi, don na taɓa ganin irin wannan rawar hannun. Na gan ta a wani gida na dutse a ƙasar Faransa, a hannun wani tsoho da bai taɓa jin sunan Aboabo ba.

Kawu ya fi shekara talatin yana riƙon gonar koko ta wani Ba'asante a wajen Tepa, a kan tsarin abusa: a raba amfanin uku, ya ɗauki kashi ɗaya. Duk shekarun nan shi ke goya injin feshi. Na tashi ina ganinsa yana dama magani a bokiti da sanda, wani lokaci ya tsoma hannu ya ƙarasa motsawa, ba safar hannu, ba takunkumi, sai tsumma da yake ɗaurewa a hanci idan warin ya yi yawa.

Bari in koma baya in faɗi yadda aka yi ɗan Zango, wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, ya yi wata shida a gonar da ake noman inabin giya.

Bayan na gama Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, na samu gurbin ƙaro karatu kan aikin gona a birnin Liyon na Faransa. Cikin sharuɗan karatun akwai zama a gona ta gaske, a yi aiki da hannu, a rubuta rahoto. Ni abin da nake nema shi ne gonar da ba a zuba takin zamani, ba a fesa maganin ciyawa, don in ga yadda ƙasa ke kasancewa. Wadda ta karɓe ni tana yankin Bojole, arewa da Liyon, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa. Hekta bakwai ce kacal, a warwatse kan tuddai. Mai ita mutum ne da ya haura hamsin, siriri, ba shi da yawan magana. Da shi, da matarsa, da mahaifinsa da ya tsufa tukuf, shi ke nan mutanen gidan. Na san inabi suke nomawa, na kuma san abin da ake yi da shi. Na gaya wa kaina cewa ƙasa zan je dubawa. Zan dawo kan wannan, don bai bar ni na yi barci da daɗi ba.

Na isa farkon Afrilun 2021. Kwana kaɗan da zuwana sanyi ya sauko, irin wanda manoman Faransa ba za su manta ba. Ƙarshen Maris an yi ɗumi, kurangar inabi ta ɗauka lokaci ya yi, ta fara tofo. Sai ga dare uku a jere, raɓa ta daskare a kan tofon. A Burgundi da ke arewa da mu, masu hali sun yi ta kunna manyan kyandirori a tsakanin layuka, dubbai, har gari ya waye. Mai gidana ba shi da kuɗin wannan. Da asuba muka fita, ya tsuguna gaban wata tsohuwar kuranga, ya taɓa tofon da ɗan yatsa. Kwana biyu bayan haka tofon ya zama ruwan ƙasa, ya bushe, yana murmushewa kamar ganyen taba. Bai ce komai ba. Ya miƙe, ya ɗauke ni zuwa wani yanki da ke can sama wanda da gangan ya jinkirta yi wa aski. Kurangar da ba a datse da wuri ba takan makara wajen tofo, don haka sanyin ya same ta tana barci. Wannan yankin ne ya riƙe gidan a shekarar.

Mako ɗaya bayan nan azumi ya kama. Rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi na dare. Uwargidan ta lura ba na zuwa tebur da rana, ta tambaya, na yi mata bayani. Tun daga ranar take ajiye mini miyar ganye da burodi da cuku a gefen murhu, ta rufe da faranti, ta kuma ware tukunya ɗaya da ba ta sa mata naman alade ko giya. Ban roƙe ta ba. Har yau idan na tuna tukunyar nan mai murfin ja sai in yi mata addu'ar shiriya da alheri.

Inabin da suke nomawa sunansa Gamay, baƙi mai siririn ɓawo, shi ne na jar giyar yankin. Kurangar ba ta hawa waya a tsofaffin gonaki. Gajeruwa ce, ba ta wuce gwiwa da yawa ba, an datse ta ta buɗe hannuwa kamar ƙwarya, an dasa ta a cunkushe, har kusan dubu goma a hekta ɗaya. Ƙasar kuwa tsakuwa ce ja-ja, dutsen giranit da ya ruɓe ya zama yashi. In manomin masara na Ejura ya gani zai ce ba abin da zai fito a nan. Wasu kurangun sun girmi mai gidan. Kowacce kuma mai aure ce, kamar mangwaronmu: sama Bafaranshiya, saiwa Ba'amurkiya. Dalili shi ne wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera da ya shigo daga Amurka a shekarun 1860, ya cinye saiwar inabin Faransa har ya kusa gamawa da shi. Ba a samu mafita ba sai da aka riƙa aura irin gida a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa.

Aikina na farko shi ne noman ciyawa da fartanya, gindi bayan gindi. A wuraren da gangara ta yi tsanani tarakta ba ta shiga, sai a ɗaura garma da igiyar ƙarfe, inji ya ja ta daga sama, mutum na biye yana riƙe da ita. Maƙwabcinmu kuwa sau ɗaya ko biyu zai zaga da maganin ciyawa, ya huta. Gonarsa fes, ƙasa tsirara, ba ko tsinke. Tamu kamar an yi watsi da ita.

Wata rana da yamma mai gidan ya ɗauki shebur ya ce in biyo shi. Muka tsaya daidai kan iyaka. Ya soka shebur a namu gefen, ya juyo ƙasar a tafin hannuna. Tana da duhu, tana da danshi, tana warwatsewa kamar dambu, ga siraran saiwoyi, ga tana har uku suna murɗawa. Ƙamshinta irin na farkon damina. Ya taka taku biyu, ya soka a bakin ta maƙwabci. Sai da ya hau shebur ɗin da ƙafa. Abin da ya fito dunƙule ne fari-fari, busasshe, ba ƙamshi, ba abin da ke motsi a ciki. Ya mayar da ƙasar ya daddanna, don mutum ne mai kiyaye haƙƙin maƙwabtaka. Na yi shekaru ina karanta wannan a aji, amma gani ya kori ji.

A daren ne ya ba ni labarin mahaifinsa. Tsohon yana cikin waɗanda suka yi maraba da magungunan feshi lokacin da suka shigo, kuma wa zai ga laifinsa? Mutumin da ya tashi yana noma tudu da fartanya aka ce masa ga ruwan da zai kashe ciyawa a yini ɗaya. Ya yi shekaru yana feshi da 'yar shara, ba abin da ya rufe masa fuska, iska na mayar masa da maganin. Yanzu yana zaune bakin taga, hannunsa na rawa a kan cinya, sai an yanka masa nama ƙanana. Likitoci sun ce cutar Parkinson ce. Tun 2012 gwamnatin Faransa ta sa wannan cuta cikin cututtukan da aikin gona ke jawowa ga wanda ya daɗe yana mu'amala da magungunan feshi, ana kuma biyan diyya. Ɗan ya ce ranar da ya ga uban ya kasa ɓalle maɓallin riga, ranar ya kulle ɗakin magani. Doka ta ce sai gona ta yi shekara uku ba sinadari kafin a ba ta shaidar noman oganik. A shekarun nan uku amfani ya ragu, mutanen ƙauye suna ta yi da shi.

Ba shi ya fara ba. A yankin nan aka yi wani masanin kimiyya kuma ɗan kasuwar giya, Jules Chauvet, wanda ya rasu a 1989. Shi ya yi ta nuna cewa in inabi ya fito lafiyayye daga ƙasa mai rai, ba ya buƙatar tarkacen da ake zuba masa. Wani matashi a garin Villié-Morgon, Marcel Lapierre, ya bi shawararsa tun daga 1981, abokansa uku suka mara masa baya: Jean Foillard, Guy Breton da Jean-Paul Thévenet. Daga wannan ɗan ƙauye abin ya bazu har Amurka da Japan. Mai gidana yana ambaton sunayen nan kamar yadda muke ambaton malaman da suka kafa makarantu a Zango.

Kada wani ya ɗauka noman oganik na nufin a naɗe hannu a bar wa Allah. Daminar 2021 ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, ruwa kuma shi ke kawo fumfunar da ke cin ganye da 'ya'yan inabi. Abin da doka ta yarje wa irin su mai gidana shi ne farar wuta da kuma jan ƙarfe. Haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa tsohon magani ne. Wani malamin tsirrai a Bodo, Millardet, ya lura cewa inabin bakin hanya da ake yayyafa wa wannan shuɗin ruwa don tsorata ɓarayi ba ya zubar da ganye, ya bi diddigi, ya fitar da maganin a 1885. Dangin wannan ne manoman koko ke fesawa don cutar baƙin ƙwallo, wanda Asantawa ke kira anonom. Matsalarsa, a kan ganye yake zama, ba ya shiga jikin shuka, ruwa mai ƙarfi na sauka zai wanke shi, sai a sake. Ga shi kuma jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa, in ya yi yawa ya kashe tanar nan da muke murna da ita. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade shi: kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Mai gidan yakan auna shi kamar mai auna zinariya, ya haɗa da jiƙon wasu ganyaye don ya rage yawansa. Duk da haka na ga nonon inabi da yawa sun bushe sun yi baƙi a hannunmu. Na tambaye shi, "Mesiye, in ka fesa irin na maƙwabci sau ɗaya tak, wa zai sani?" Ya nuna tagar da uban ke zaune. Bai ƙara ko kalma ba.

Girbi ya zo tsakiyar Satumba, a makare. Da hannu ake yi, da ɗan almakashi da bokiti, a duƙe tun safe har yamma saboda gajartar kurangar. Mu goma sha biyar ne, ɗalibai da 'yan ƙauye da wasu 'yan Poland. Kwana tara muka gama abin da a shekara mai kyau yakan ci mako biyu. Na ci inabin nan a gona har haƙorana suka yi shuɗi. Zaƙi da ɗan tsami, ɓawon na fashewa a baki, da ɗumin rana a jikinsa. Ban taɓa cin ɗan itace mai daɗinsa ba. Ga ƙannena masu mafarkin Turai kuma, kada hoton tuddai ya ruɗe ku: a girbin 2023 a yankin Shampen, mutane sun mutu cikin zafin rana suna tsinkar inabi, an kuma gano 'yan Afirka ta Yamma sama da hamsin da aka cusa a wani kango ba ruwa mai kyau ba makewayin kirki. Ni na dace da mutanen kirki ne, da takarduna a hannu.

Ɗakin da ake haɗa giyar ban shiga ba. Tun farko na gaya masa iyakata bakin ƙofa, ya ce ya ji. Daga nan nake hango manyan kwatamai na siminti. Nonon inabin ake zubawa ɗungurungum, ba a tsinke ba, ba a matse ba, a rufe. 'Ya'yan sukan fara tsima daga cikinsu, na ƙasa su fashe saboda nauyi, yistin da ke jikin ɓawon ya kama aiki. Iskar da ke tashi daga kwatamin tana iya kashe mutum, shi ya sa ba mai leƙa kai ciki shi kaɗai. Bayan kwanaki a matse, a zuba a tsofaffin gangunan katako. Ba ya sayen yistin kamfani, ba ya ƙara sukari, ba ya tacewa. Sinadarin farar wuta da ke hana giya lalacewa, doka ta ba mai jar giya ta yau da kullum damar kai wa miligiram 150 a lita, mai oganik 100, shi kuwa yana bin ƙa'idar da masu irin sana'arsa suka samu amincewar hukuma a kanta a 2020, wadda ba ta wuce 30 ba. Wannan caca ce. Ganga ɗaya in ta juya ta zama ruwan tsami, asarar shekara ce.

Na dawo Kumasi da kuɗin girbin nan a aljihu da nauyi a ƙirji. Na san hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Ban matsa ba, ban ɗanɗana ba, amma bokitin da na cika ina ya tafi? Na je wurin Malam, wanda ya karantar da ni tun ina riƙe allo, bayan sallar isha'i da almajirai sun watse. Na zayyana masa komai ban rage ba.

Ya yi shiru har na ɗauka ya yi gyangyaɗi. Sannan ya ce, "Inabi halal ne, ƙasa halal ce, ilimin da ka je nema halal ne. Amma malamanmu sun hana a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, balle a tsinko masa. Ka yi kuskure a nan, ɗana."

Na ce, "Allah gafarta Malam, yaya zan yi?"

"Ka yi istigfari, kada ka koma. Kuɗin kada ya shiga cikinka ko na iyalinka, ka fitar da shi. Ilimin kuwa ka riƙe shi da kyau, ka kai wa talakawa, kada wahalar ta tafi a banza."

Kuɗin ya tafi gyaran makewayin makarantar allo. Ban ji haushin maganar Malam ba, gaskiya ya faɗa. Kuma ban daina ganin girman mutumin nan na Bojole ba. Abu biyun suna zaune a raina tare, ban iya korar ɗaya ba. Ba na kiran kowa ga abin da ke cikin kwalbarsa. Yadda ya riƙi ƙasarsa da jikin masu yi masa aiki, wannan kam ina fata a ce mu ne muka riga shi.

Yanzu aikina yawo ne wurin masu lambu a gefen gari, irin su Gyinyase, inda ake noman kabeji da latas da albasa mai lawashi, da yawansu 'yan Arewa ne, da Hausa muke magana. Nakan ga yaro ya fesa wa kabeji magani yau, jibi an yanka an kai kasuwa. In na yi magana sai ya ce, "Yaya, matan kasuwa ba sa ɗaukar ganye mai huji." Gaskiyarsa ne. Mai gidana na Faransa yana da masu saye a Paris da Tokyo da ke biyan kuɗi mai kauri domin sun san yadda ya yi noma, su ke ɗauke masa asarar shekara irin 2021. Mai kabejin Gyinyase ba shi da kowa. In tsutsa ta ci gonar, shi da 'ya'yansa za su kwana da yunwa. Don haka na daina zuwa musu da wa'azin a bar magani gaba ɗaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake naci a kai ƙanana ne: a karanta kwanakin jira da ke jikin kwalba kafin a yanka, a gwada jiƙon 'ya'yan dogon yaro a kan kunya biyu a gani, a zuba kashin kaji da ya ruɓe sosai, kada a wanke injin feshi a rafin da ake ban ruwa, kada a zuba gishiri ko man girki a kwalbar magani da ta ƙare. Wasu na ji, wasu na jira in tafi.

Likita bai gama binciken Kawu ba, an ba shi ranar komawa. Injin feshin yanzu yana bayan ɗansa na biyu, yaro ɗan shekara goma sha tara. Ranar Asabar na shiga kasuwar Kejetia na sayi takalmin roba, da safar hannu mai kauri, da tabarau, da takunkumi mai matata biyu, na bi motar Tepa. Na same shi a bakin gona yana shirin dama magani a bokitin nan dai na uban, shuɗi, wanda gefensa ya tsage aka ɗinke da waya.

Ya jujjuya takunkumin ya ce, "Yaya, wannan ai zafi zai kashe mutum a ciki."

Na ce ya sa tukuna. Na ɗaure masa igiyar ta baya, na ja har ta zauna a kan hanci. Na nuna masa ya riƙa fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu kafin ya taɓa abinci. Ya gyaɗa kai, muryarsa na fitowa a daƙushe ta cikin robar. Kafin ya shiga na ari addarsa, na share busassun ganyen koko a gindin wata bishiya, na tona ƙasar kamar tsawon hannu. Baƙa ce, da sanyi. Na juya ta a tafina, sai ga tana guda ɗaya, doguwa, tana neman hanyar komawa. Na kira shi ya zo ya gani. Ya tsuguna kusa da ni da injin a bayansa, ya ɗaga tabarau, ya ce, "Da can sun fi haka yawa. Baaba yakan ce in ka tona nan sai ka cika gwangwani."